Babi na Sha Biyu

Hasken hantsi ya ratso labule ya kwanta a kan tulin takardun da ke cinyar Yaya, inuwar ganyen bishiyar da ke bayan taga tana kai-komo a kan rubutun kamar mai neman wata kalma. Auta ya yi sallama ya shigo da jakar zanensa a hammata, ya gaishe ta, ya jawo kujerar da ya saba zama a kai. Shekararsa sittin da huɗu, furfura ta gama da kansa da gemunsa, amma a bakin yayarsa har gobe shi Auta ne.

"Ga hotunan babi na goma da na sha ɗaya," in ji shi. "Saura ki ba ni na ƙarshe, in zana in huta."

Ba ta dubi hotunan ba. Ta dafe takardun da tafin hannu, ta ce, "Auta, wa ya saci ƙararrawar?"

Ya tuntsire da dariya, don ya ɗauka tsokanar da ta saba ce.

Shekara talatin da biyar ke nan suna aiki tare. Ita tana rubuta wa yara littattafan bincike, irin waɗanda wani abu ke ɓacewa a babin farko, wata siririyar yarinya mai wayo da ake kira Tsinke ta bi sawu har ta kamo mai laifi a babin ƙarshe. Shi kuwa ban dariya ce sana'arsa. Shi ya zana littafin akuyar da ta cinye jarida ta wayi gari tana karanta labarai, da na raƙumin da ya shiga motar haya ya rantse tozonsa ba fasinja ba ne. Tsakanin akuya da raƙumi yake yi wa littattafan Yaya hotuna. Ba ta taɓa faɗa masa ɓarawo ba sai ranar da ta miƙa masa babin ƙarshe, wai alƙalaminsa ba ya riƙe sirri: da ya sani, sai ya zana wa mutumin idon rashin gaskiya tun shafi na uku. Littattafai ashirin da biyu suka yi, ko sau ɗaya bai taɓa cankar daidai ba.

"Yau kuma ni ake tambaya?" ya ce. "Ni da ko ɓarawon takalmina ba zan iya ganowa ba?"

"Ba wasa nake yi ba." Muryarta ta yi ƙasa. "Na san na sani. Na zauna zan rubuta, sai na tarar da wurin fayau, kamar ɗakin da aka kwashe wa kaya. Har alamar inda gado yake ina gani, amma babu gadon."

Ya daina dariya. Sai a lokacin ya lura tabaranta guda biyu ne a jikinta, ɗaya a ido, ɗaya a goshi.

'Yarta, wadda ke aikin jinya a asibiti, ta tare shi a kicin sanye da fararen kayan aiki, tana zuba shayi a filas.

"Kawu, zauna ka ji," ta ce. "Wata huɗu ke nan. Makullan gida na tsinta a firji. Shekaranjiya ta kira ni Inna, har tana tambayata ko an dawo da ku daga makaranta. Mun ga likita, an yi hoton kai. Ya ce ana iya rage masa gudu, amma ba ya komawa baya."

"Wata huɗu, ni kuwa kullum ina gidan nan, ba ki faɗa mini ba?"

"Ita ta hana. Ta ce in bari sai ta gama littafin, kada ka fara zana mata hotuna masu ban tausayi."

Ya dubi kofin da ta ajiye masa. Tururi ya tashi, ya lanƙwasa, ya ɓace, bai taɓa kofin ba.

Ofishin editar da ke buga littattafan Yaya yana saman bene, injinan ɗab'i suna ƙasa, saboda haka komai na ɗakin rawa yake yi a hankali: ruwan da ke cikin kofi, fensiran da ke cikin gwangwani, har kalandar bango. Editar matashiya ce, da littattafan Tsinke ta koyi karatu, kuma ba ta ɓoye hawayenta ba da Auta ya gaya mata halin da ake ciki. Da ta share ido sai ta koma edita.

"Baba, ranar ashirin ga watan gobe aka ba mu inji. Idan muka rasa ta, sai baɗi. Akwai wani marubuci da na sani, hannunsa na da kyau, kwana uku zai rubuta mana babi ɗaya. Sunanta za mu sa, babu wanda zai gane."

"Ni zan gane."

"To ya za mu yi? Littafin bincike ba ya fita babu ɓarawo. Yara ba za su yafe mana ba."

"Ba ni mako uku," in ji shi.

Ya kwashi kwafin rubutun ya tafi da shi ɗakin zanensa, wani ɗan ɗaki mai warin tawada da fenti a bayan gidansa. Labarin ba shi da wuya a faɗa. Tsohuwar ƙararrawar tagulla ta makarantar su Tsinke ce ta ɓace ranar wata Litinin. Mutum uku ake zargi: malamin lissafi, wanda ya tsani ƙararrawar don kullum tana katse shi a tsakiyar darasi, mai sayar da ƙanƙara a bakin ƙofa, wanda kasuwarsa ta buɗe tun da aka rasa abin da zai kira yara daga hutun tara, da tsohon mai gadi, wanda shi ke buga ta shekara arba'in. Auta ya zana su ukun ya manna a bango, ya zauna yana kallonsu suna kallonsa.

Kwanaki suka yi ta wucewa kamar a cikin ruwa. Da rana, idan zafi ya yi nauyi, gyangyaɗi kan ɗauke shi a kan teburi, ya ga kansa a farfajiyar makarantar da shi ya zana, bishiyoyinta ba a gama yi musu launi ba, yara suna gudu babu ƙarar ƙafa. Tsinke takan wuce shi da littafinta a hannu, ya kira ta, ta waiwayo da fuskar Yaya tana 'yar shekara goma sha biyu, ta ɗora yatsa a leɓe ta wuce. Idan ya farka ya fita miƙe ƙafa, sai ya riƙa ganin mutanen bangonsa a titi. Ya taɓa bin wani mai turin keken ƙanƙara har layi uku yana nazarin ƙeyarsa, sai da mutumin ya tsaya ya ce, "Baba, ta madara ko ta lemo?" Ya sayi ta lemo, ta narke masa a hannu.

Ya gwada rubuta babin da kansa. Sau shida yana farawa, sau shida akuya tana shigowa ta haɗiye ƙararrawar, ta riƙa ƙara duk inda ta taka. Ya yi dariya shi kaɗai, sannan ya yayyaga takardun.

A mako na biyu ya koma wurin Yaya da rubutun, ko ganinsa zai tuna mata. Ta juya shafi biyu ta ce idonta ya gaji, ya karanta mata. Ya karanta babi uku. Washegari da ya zo zai ɗora daga na huɗu, na jiya sun tafi daga kanta.

"Da safe kanta ya fi zama daidai, Kawu," in ji 'yar. "Daga hantsi zuwa azahar. Idan za ka karanta, ka karanta shi gaba ɗaya, kada ka bar dare ya shiga tsakani."

Ranar Asabar ya zo da wuri. Ya shimfiɗa hotunan goma sha ɗaya a kan gadonta bi da bi, ya juyo kujerarta ta fuskance su, ya fara daga layin farko. Duk babin da ya shiga sai ya nuna mata hotonsa. Ta jingina kai, ta lumshe ido rabi, iska tana ɗaga labule tana saukewa. A babi na biyu ta yi dariya har da buga cinya, inda malamin lissafi ya yi darasin awa huɗu don babu abin da zai tsayar da shi, yara suna zubewa ɗaya bayan ɗaya.

"Kai, wa ya rubuta wannan?" ta ce.

Ya ɗago kai. Fuskarta a sake take, babu tsokana a ciki.

"Wata mata ce," ya ce.

"Ta iya. Sai dai akwai ta da dogon bayani. Ci gaba."

Ya ci gaba. 'Yar ta shigo da ruwa, ta ajiye, ta kasa fita, ta zauna a bakin ƙofa. Rana ta taka daga cinyar Yaya zuwa ƙafafunta. Muryarsa ta dushe, ya kurɓi ruwa ya ɗora, har ya kai layin ƙarshe na babi na sha ɗaya, inda Tsinke ta rufe littafinta ta ce wa ƙawayenta gobe za su ji suna.

"To?" in ji Yaya. "Me ka tsaya yi?"

"Nan ya ƙare. Matar ba ta rubuta na ƙarshen ba."

"Ai ba sai ta rubuta ba, ga abu nan a fili." Ta miƙa hannu ta ɗauki hoto na uku, na yara a bakin famfo sun yamutsa fuska. "Me suka ce game da ruwan nan?"

"Sun ce ɗanɗanon ƙarfe yake yi."

"Tun yaushe?"

Ya duba shafin. "Tun ranar Litinin."

Ta ɗauki na biyar. "Wannan mai tsani fa, me ya zo yi?"

"Mai gyaran wuta ne. Ya zo auna bango, za a sa ƙararrawar lantarki."

"Tsohuwar kuma a yi yaya da ita?"

"Ba a faɗa ba."

"Ba sai an faɗa ba. Masu sayen tsohon ƙarfe za a ba, su narkar." Ta ɗauki na bakwai, ta kai shi kusa da hancinsa. "Kai ka zana wannan ko ba kai ba? Dubi hannun rigar tsohon nan. A jiƙe yake har kafaɗa, alhali ba a yi ruwan sama ba. Me mutum zai yi ya jiƙa riga har kafaɗa, in ba ya zura hannu cikin tanki ba? Kullum sai ya hau ya taɓa ta ya ji tana nan. Ba sata ya yi ba, Auta, ɓoyo ya yi. Shekara arba'in yana tashe ta da safe, sai ya zuba ido a jefa ta a wuta?"

Auta ya laluba aljihu ya zaro fensir. Babu farar takarda kusa, sai ya kife hoto na ɗaya ya ɗora a gwiwa.

"Da ke ce matar," ya ce a hankali, "ta yaya Tsinke za ta gano?"

Yaya ta mayar da kai jikin kujera, ta dubi rufin ɗaki kamar a can aka rubuta.

"Da ni ce, sai in sa yarinyar ta zo makaranta da sassafe, kafin kowa. Ta zauna a gindin tanki. A kunna injin ruwa. Ruwa ya fara zuba, ya motsa ƙararrawar, ta yi ƙara daga can ƙasa, siririya, kamar wanda ke kiran suna cikin barci. Yarinyar ta ɗaga kai, ta ga tsohon a tsaye da tsintsiya, shi ma yana saurare. Kada ta ce masa komai tukuna. A bar su su saurara tare, layi uku ko huɗu. Ka rubuta?"

"Ina rubutawa."

"Kada ka sa akuya."

'Yar ta toshe baki da mayafi, ba a san dariya take yi ko kuka ba.

Haka ta yi ta faɗa yana rubutawa, jimla bayan jimla, tana gyara wata, tana soke wata, har ya cika bayan hotuna bakwai. Ta sa Tsinke ta tara yaran makarantar suka roƙi a bar tsohuwar ƙararrawa ta riƙa buga tashi, sabuwar ta ɗauki sauran. Da ta kai ƙarshe ta ce, "Shi ke nan, a gaya wa matar," ta rufe ido. Kafin ya gama tattara takardun barci ya ɗauke ta.

Ranar Litinin ya hau benen editar da babin a buge tsaf. Ta karanta a tsaye, ta zauna ta sake karantawa. Maimakon murnar da yake jira, sai ta jawo aljihun tebur ta fito da wata takarda.

"Baba, jiya nake binciken fayil ɗinta na tsinci wannan. Tsarin littafin ne, da ta aiko wa wanda na gada a kujerar nan, bara. Duba layin ƙarshe."

Rubutun Yaya ne, mai tsayi, mai karkata dama, na lokacin da hannunta da kanta suke tafiya tare. Malamin lissafi ne ɓarawon. A kabad ya ɓoye ta, ƙarƙashin takardun jarrabawa. Ɗanɗanon ruwan kuwa tarko ne ta ɗana don ɓatar da mai karatu, rigar tsohon kuma ban ruwan furanni ne ya jiƙa ta.

Fensiran cikin gwangwani suka ci gaba da rawarsu. Auta ya karanta layin sau uku.

"Wanne za mu buga?" in ji editar. "Wannan ta rubuta shi da cikakken hankalinta, ga sa hannunta. Wancan kuwa..."

"Wancan ma da bakinta ta faɗa."

"Na sani, Baba. Kuma ya fi kyau, ban ƙi ba. Amma ta faɗe shi ne ba ta san littafinta ba ne. Ina tsoron mu ɗora mata abin da ba ta nufa ba, ranar da ba za ta iya cewa a'a ba."

Maganarta gaskiya ce. Ya ninke takardar, ya haɗa da babin ya sa a aljihu, ya sauka. Bai hau mota ba, da ƙafa ya tafi, ta gaban shagon mai ɗinki da na mai gyaran agogo, takardu biyu a aljihu ɗaya suna gogar juna. Shekara talatin da biyar ita ke yanke hukunci, shi yana zanawa. Bai ga dalilin da zai sa ya karɓe mata wannan kujera yau ba.

Washegari da hantsi ya sake shimfiɗa hotunan a gadonta, ya sake karanta littafin tun daga farko, wannan karon har da sabon babin. Ta saurara kamar ba ta taɓa ji ba. Da ƙararrawar ta yi ƙara a ƙarƙashin ruwa, ta riƙe numfashi.

"Yaya," ya ce bayan ya gama, "an ce da farko ba haka matar ta tsara ba. Wai malamin lissafi ta nufa, a kabad ya ɓoye." Ya miƙa mata tsohuwar takardar.

Ta sauko da tabarau, ta karanta a nutse har ƙasa. Ta daɗe a kan sa hannun, tana shafa shi da babban yatsa. Sannan ta ja tsaki.

"Malamin lissafi? Mutumin da kowane yaro zai zarga tun shafin farko?" Ta mayar masa da takardar. "Gajiya ce ta sa ta rubuta wannan. Ka ce mata na ce ta bar ta a tanki."

"In ce ke kika ce?"

"Ka ce ni na ce. In tana da magana ta zo ta same ni."

Ranar ashirin ga wata inji ya tashi, bayan mako guda aka gama ɗinke littafin. 'Yar ta ɗauko su a motarta, Auta a gaba, Yaya a baya, suka tsaya a ƙofar maɗaba'ar. Editar ta fito da kanta, ta durƙusa a bakin motar ta miƙa kwafin farko da hannu biyu, bangonsa yana warin sabon manne.

Yaya ta juya shi gaba da baya. Ta karanta sunan da ke jikin bangon, leɓunanta suna motsi. Ta ɗago ido, sai Auta ya ga tsohuwar yayarsa ta leƙo ta cikinsu, kamar mai leƙowa ta tagar jirgin da ke wucewa.

"Nawa ne wannan?"

"Naki ne, Yaya."

"Na gama shi?"

"Kin gama shi. Har babi na sha biyu."

Ta gyaɗa kai, ta sauke ajiyar zuciya mai tsawo. Ta yi wa editar addu'a, aka rufe ƙofa, mota ta tashi. Ba su kai mahaɗar farko ba ta buɗe shafi na ɗaya, ta ɗora yatsa a kan layi.

"Kada wanda ya faɗa mini ƙarshen," ta ce, ba tare da ta ɗago ba.

Gidan bai fi tafiyar minti goma ba. Da suka iso kwanar layinsu 'yar ta kunna sigina, Auta ya taɓa hannunta.

"Miƙe," ya ce ƙasa-ƙasa. "Bi ta doguwar hanya, kuma ki tafi a hankali."

Ta kashe siginar. Motar ta wuce kwanar, inuwar bishiyoyin bakin titi tana hawa gilashi tana sauka, a baya kuma aka juya shafi.